Nana Asma'u: Malamar da Ta Tuna da Matan Ƙauye

A fitowarmu ta bikin cika shekara mukan ɗauko tarihin wata mace da ta riga mu gidan gaskiya, mu duba yadda ta tafiyar da kwanakinta. Bana mun ɗauko Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunanta dai kowa ya sani, ga makarantun mata da yawa da aka raɗa wa shi. Aikinta ne ba kowa ya sani ba.

An haife ta a Degel wajajen shekarar 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga nan kuma sai yaƙi, da yunwa, da tashi daga wannan sansani zuwa wancan. To, kun ga ba a cikin daula ta tashi ba, ko da yake 'yar babban gida ce. Ta ga gawa tun tana yarinya, ta ga matan da aka kashe wa mazaje suna jan marayu. Duk da haka karatu bai tsaya ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, har tana rubutu da dukkansu. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da Shehu ya rasu a 1817, tana cikin waɗanda suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su. Ta kuma mayar da wasu waƙoƙinsa na Fulatanci zuwa Hausa, don talakawan da ba sa jin Fulatanci su amfana.

Mace mai irin wannan matsayi, ai da ta ga dama sai ta zauna a ɗakinta a Sakkwato, malamai na aiko mata da wasiƙu tana amsawa, a yi ta yabonta. Amma hankalinta ya tafi kan matan ƙauyuka. Yaƙi ya tarwatsa iyalai, ga bayi da aka kamo daga wurare daban-daban, da yawansu ba su san ko alwala ba, kuma ba mai zuwa wurinsu. Matar aure mai goyo da girki da surfe, ina za ta sami sararin tafiya birni neman ilmi?

Dabarar da ta yi ita ce ta 'Yan Taru. A kowane ƙauye sai a sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, Nana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa da jan rawani, alamar shugabanci da mutanen yankin suka saba gani a kan Innar Gobir. Jaji ce ke jagorantar ayarin tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata, su taka da ƙafa har gidan Nana. Can za su koyi darasi cikin waƙa, da gangan, domin waƙa ba ta buƙatar takarda, ana iya rera ta ana kaɗi ko ana daka. Sai su koma gida su koya wa matan auren da ba su sami fita ba: tsarki, salla, tarihin Annabi, haƙƙin maƙwabci, kula da mara lafiya.

Kuma ba hannu sake suke zuwa ba. Kowace takan riƙo abin da ta samu, hatsi ko zuma ko man shanu ko ɗan ƙyalle, a tara a raba wa mabuƙata. Mu da muke zubin mako-mako mun san nauyin wannan. Kwano ɗaya na gero a hannun mace guda ba ya kai ko'ina, amma in ya haɗu da na mata talatin, sai ka ga an ciyar da gidan marayu.

Abin da ya fi kama mana zuciya shi ne marsiyyoyinta. Ta yi wa manya, har da Bello da ya rasu a 1837 da mijinta Giɗaɗo. Amma ta zauna ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u. Ba dukiya ko sarauta ta lissafa musu ba. Halayensu ta ambata, irin su haƙuri, kirki ga jama'a, sada zumunta da ɗawainiya da mutane. A nan muke gane ma'aunin da take auna ɗan Adam da shi. Da ba don alƙalaminta ba, yau wa zai san an taɓa yin wata Halima a unguwar?

Ta rasu wajajen 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare, kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Tafiyar 'Yan Taru ba ta mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar ayarin a Wurno, ana naɗa sabbin jajoji in tsofaffi sun kwanta dama. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, mulki ya sauya hannu, amma matan ƙauyukan ba su fasa ɗaukar malafarsu suna kama hanya ba.