John DeLorean, injiniyan da ya fito da motar Pontiac GTO

An haifi John Zachary DeLorean ne a ranar 6 ga watan Janairun 1925 a Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, inda mahaifinsa ke aiki a kamfanin Ford.

Bayan ya karanta fannin injiniya, ya yi aiki a Chrysler da Packard, kafin ya koma sashen Pontiac na kamfanin General Motors a 1956.

A can ne ya yi suna, lokacin da shi da abokan aikinsa suka ɗora wa matsakaiciyar motar Tempest injin babbar mota mai silinda takwas, duk da cewa ƙa'idar kamfanin ta hana hakan.

Motar, wadda suka raɗa wa suna GTO, ta fito a 1964 da ƙarfin doki 325. An yi hasashen sayar da 5,000, amma aka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko.

Nan take sauran masu ƙera motoci suka shiga gasar. A 1970, Chevrolet Chevelle SS 454 ta kai ƙarfin doki 450, yayin da Plymouth Hemi Cuda ke da 425.

Sai dai tsadar inshora da dokokin rage hayaƙi da matsalar man fetur ta 1973 sun durƙusar da kasuwar.

A wurin masu tara tsofaffin motoci, ƙarancin mota ya fi ƙarfinta daraja. A 2014 an yi gwanjon wata Hemi Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi kan dala miliyan 3.5, saboda 'yan ƙalilan aka ƙera.

DeLorean ya bar General Motors a 1973, ya kafa masana'antarsa kusa da Belfast a Ireland ta Arewa da tallafin gwamnatin Birtaniya. Motoci kusan 9,000 ya ƙera kafin kamfanin ya rushe a 1982.

A shekarar ce aka kama shi bisa zargin safarar hodar iblis, amma kotu ta wanke shi a 1984.

Motar da ke ɗauke da sunansa ƙarfin doki 130 kawai gare ta, amma fim ɗin Back to the Future na 1985 ya sa ta yi farin jini a wurin masu tara motoci.

Ya rasu a jihar New Jersey ranar 19 ga watan Maris na 2005 yana da shekara 80.