Leslie Brown, Malamin Gonan Da Ya Ƙare Rayuwarsa Yana Kallon Gaggafa

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani mutum da ya taɓa zama a ƙasarmu, wanda duniya ta san shi saboda tsuntsaye masu farauta, wato irin su shaho da shirwa da gaggafa.

An haifi Leslie Brown a shekarar 1917 a ƙasar Indiya, amma iyayensa mutanen Birtaniya ne. Ya yi karatun aikin gona, kuma a 1940 aka turo shi Najeriya a matsayin malamin gona. Ya yi shekara shida a nan, sannan a 1946 ya koma Kenya, inda ya kai matsayin babban jami'in aikin gona. Kallon tsuntsaye ba shi ne aikin da ake biyansa albashi a kai ba. Sai ya tashi daga aiki yake ɗaukar madubin hangen nesa da littafinsa ya shiga daji.

A yankin Embu na Kenya ya samu wani tsauni da gaggafa iri-iri suke sheƙa a kai. Shekara da shekaru yana komawa can. Yakan zauna shiru yana rubuta abin da uwa ta kawo wa ɗanta, da ranar da ɗan ya fara tashi. Da irin wannan haƙuri ya gano cewa gaggafa mai tukku, wadda take kama birai, yawanci sai bayan shekara biyu take sake yin ƙwai, domin ɗanta yana daɗewa a hannunta kafin ya iya farauta. Kun ga ke nan idan aka kashe guda ɗaya, za a daɗe ba a mayar da gurbinta ba.

Son tsuntsaye ya kusa halaka shi. A 1954 ya shiga tafkin Natron da ƙafa, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, yana neman inda filamingo suke ƙyanƙyasa. Filamingo wani tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu, launinsa ruwan hoda. Tafkin cike yake da kanwa mai zafi. Ya maƙale a taɓo, kanwar ta cinye masa fatar ƙafafu, da ƙyar ya fito. Ya yi makonni a asibiti, amma da ya warke bai daina ba.

A 1968 shi da abokin aikinsa Dean Amadon suka fitar da babban littafi a kan gaggafa da shaho na duk duniya. A 1970 kuma ya fitar da African Birds of Prey, littafin tsuntsayen Afirka masu farauta. Ya rasu a Kenya a 1980.

To mu fa? Ba mu da madubin hangen nesa, amma muna da ido da biro. Ku ɗaga kai a Gyadi-Gyadi ko wajen kasuwar Tarauni, za ku ga shirwa tana shawagi ba ta ko kaɗa fiffike, jelarta mai baki biyu tana juya ta. In ta kawo sura, sai ka ji gabanka ya faɗi. Mun san tana ɗaukar 'yan tsaki, amma tana kwashe ɓeraye da mushe ma.

Iyayenmu suna ba mu labarin yadda ungulaye suke cika mahauta a da. Yau da yawanmu sai a Gidan Zoo muke zuwa neman ungulu, kuma tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Kada mu bari shirwa ta bi sahunta. Mu ajiye danƙo, mu ware shafi ɗaya a bayan littafi, mu riƙa rubuta tsuntsun da muka gani, da wurin, da ranar. Wanda ya cika shafinsa ya kawo mana, za mu liƙa a wannan allo.