Bayajidda da Iyalinsa: Wa Ya Ce Akwai Banza a Gidan?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taso a ƙasar Zazzau, ko a Ikara ne ko Maƙarfi ko Kudan, ya ji sunan Bayajidda tun yana firamare. Abin da muka fi riƙewa shi ne maciji da rijiya. Ni kuwa zancen iyalinsa nake so mu duba, don a nan ne labarin ya shafe mu.

Tarihin baka ya ce Bayajidda ɗan Sarkin Bagadaza Abdullahi ne. Ya baro gida da rundunarsa ya sauka Borno, Mai ya aura masa 'yarsa. Da zama ya yi tsami, aka raba shi da mayaƙansa, sai ya gudu yamma da matar tana da juna biyu. A Garun Gabas, kusa da Haɗeja, ya bar ta, nan ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa takobi. Daga nan sai Daura, inda ya sauka gidan tsohuwa Ayana cikin dare, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin rijiyar Kusugu. Ya je ya sare kansa. Sakamakon haka ya auri Magajiya Daurama.

To, a nan fa gizo yake saƙar. Daurama ta ba shi kuyangarta Bagwariya, ita ce ta fara haihuwa, aka sa wa ɗan suna Karɓagari. Daga baya Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida su ne aka ce sun kafa sarautun Daura, Kano, Katsina, Gobir, Rano da Zazzau, suka haɗu da Biram suka zama Hausa Bakwai. Bagauda ne na Kano, Kumayo na Katsina, namu na Zazzau kuwa Gunguma, wanda sunansa ke kan gaba a jerin sarakunanmu, tun kafin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Zuriyar Karɓagari ita ce aka laƙa wa Banza Bakwai: Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Yarabawa da Kwararrafa.

Shin haka abin ya faru daki-daki? Masana sun daɗe suna ja. Wasu sun alaƙanta sunan da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka ya mutu a 947. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya kawo Bawo a matsayin bawan Sarkin Borno. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna a 1970 cewa daulolin Hausa a hankali suka ginu, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. Labarin kansa ma ya yarda da hakan, tunda baƙon ya tarar da gari da maƙera da sarauniya a kan karaga. Ba mu kaɗai ba ne da irin wannan. A Sin ma, marubucin tarihi Sima Qian ya mayar da salsalar gidajen sarauta uku na farko zuwa ga kaka guda, Huangdi. Sarakuna na son asali mai tsawo, jama'a kuma na son abin da zai haɗa su.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu ke ɗauko kalmar banza a ɗakin kwana ko a kamfen ɗin zaɓen ƙungiya, su jefi Bagwari ko Banufe ko Bayarabe da ita, wai wasa. Wasan da ake yi a muzanta wani ai ya tashi daga wasa. Kuma ko da ma'aunin labarin za mu bi, Karɓagari yayan Bawo ne, ubansu ɗaya. Duk wanda ya zage shi, kawunsa ya zaga. Ballantana waɗannan al'ummomi suna da nasu tarihin kafuwa: Nufawa na da Tsoede, Yarabawa na da Oduduwa, ba su jira mu raɗa musu suna ba.

Shawarata, mu riƙe Bayajidda a matsayin labarin zumunci. Wanda ya samu hali ya je Daura ya ga Kusugu, tana nan har yau. In ya dawo, ya tambayi abokin ɗakinsa labarin kakanninsa, ya kuma saurara.