Alwali, Sarki na Ƙarshe a Gidan Bagauda

Muhammadu Alwali ɗan Yaji ya hau gadon sarautar Kano a 1781. Shi ne sarki na 43, kuma na ƙarshe a zuriyar Bagauda, wanda tafkinmu ya ci sunansa. A Gidan Makama muka fara jin labarinsa. Da hawansa ya tara gero da dawa saboda yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta same shi. Da jihadi ya iso Kano, aka ci rundunarsa a Ɗanyaya. Ya gudu Zariya, daga baya ya dawo Burumburum, nan ƙasar Tudun Wada, inda aka kashe shi a 1807. Akwai 'yan Burumburum a ajinmu da ba su taɓa jin sunansa ba!