Ladabin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo

An haifi Shehu Usmanu, Allah Ya ƙara masa yarda, a Maratta ta ƙasar Gobir a shekarar 1754. Ya tashi a Degel, ya yi wafati a Sakkwato a 1817. Bakadire ne, ya kuma fara kiran jama'a tun yana ɗan shekara ashirin.

Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa a littafin Infaƙul Maisuri. Shehu kan fito ya yi sallama yadda kowa zai ji, ya tarbi mutane da sakin fuska, ba ya nuna ƙosawa ko an matsa masa da tambayoyi.

Inda ladabinsa ya fi fitowa fili shi ne tsakaninsa da malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya tafi a kan kafirta masu aikata manyan zunubai. Shehu bai bi shi ba, domin mas'ala ce da ta shafi imanin talakawan Musulmi. Ya yi rubutu ya warware ta da hujjojin Ahlus Sunna. Amma abin da kan gagari almajirai da yawa bai gagare shi ba: ya nema wa malaminsa uzuri, ya jingina tsananin nasa ga kishin addini, ya ci gaba da ambatonsa da yabo da addu'a.