John Ford, Mai Shirya Wasan Kaboyi

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani mutumin Amurka, John Ford, da yadda aka yi jinkirin gane darajar wani aikinsa.

An haife shi a jihar Maine cikin 1894, iyayensa kuwa baƙi ne daga ƙasar Ayalan. Cikin 1914 ya bi wansa Francis zuwa Hollywood, inda ake shirya wasannin silima. Ya fara da ƙananan ayyuka, har ya zama shi ke bai wa 'yan wasa umurni. Ya shirya wasanni fiye da 130. Sau huɗu ana ba shi lambar Oscar ta gwanin shiryawa, amma ko ɗaya ba don wasan kaboyi ba, gama masanan lokacin sun ɗauki irin wannan wasa abin nishaɗi kurum.

Cikin 1956 ya fito da The Searchers. John Wayne ya fito a matsayin Ethan, tsohon soja wanda ya yi shekara 5 yana neman 'yar ɗan'uwansa da kabilar Comanche suka sace. Da ya ga ta girma ta zama tasu, sai ya ƙudura kashe ta, don ƙiyayyar da yake yi musu. Daga ƙarshe ya ɗauke ta ya kai ta gida, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

Wasan ya yi kasuwa, amma ba a ko sa shi cikin takarar Oscar ba. Sai daga baya masana suka lura ashe Ford ya nuna yadda ƙiyayyar launin fata take cin zuciyar jarumi. Waɗansu kuwa har yanzu suna ƙorafi bai yi wa Comanche adalci ba, tun da Bature ne ya fito a matsayin sarkinsu. Ni dai ina ganin duka biyun da gaskiyarsu.

Ford ya rasu cikin 1973. Cikin 1989 aka sa wasan cikin 25 na farko da Amurka ta zaɓa don adanawa, cikin 2008 kuma Cibiyar Fim ta Amurka ta ce ya fi dukan wasannin kaboyinsu.

To, mu da za mu riƙa duba aikin yara, kada mu yanke hukunci da kallo ɗaya.