Maryam 'yar Shehu, Uwar Daje: auren da ya ɗaure Kano da Sakkwato

A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris akwai wani babban zaure mai ɗauke da zane 24 na mace ɗaya, Mari ta gidan Medici, waɗanda mai zane Rubens ya yi tsakanin 1622 da 1625. Ɗaya daga ciki na ɗaurin aurenta ne da Sarkin Faransa Henri na huɗu a 1600. Ango bai ma halarta ba, ƙanin mahaifinta ne ya tsaya a madadinsa a birnin Florence. Faransa na da bashin gidan Medici a wuyanta, auren kuma ya zo da dukiya mai yawa. Haka sarakunan Turai ke yi: a ɗaura auren siyasa, a sa a zana shi don 'yan baya su gani.

Mu ma a ƙasar Hausa an yi irin wannan aure, sai dai malamanmu ba su yarda da zana surar mutum ba. Abin da ya rage mana shi ne rubutu. Ta nan muka san Maryam, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta wajen 1810, bayan yaƙe-yaƙen farko na jihadi sun lafa. Sunan mahaifiyarta Mariya. Tana ƙarama Shehu ya rasu a 1817, ƙaninta Isa ma bayan rasuwar aka haife shi, shi ya sa ake ce masa Autan Shehu. Yayarta Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ita ta ja ta a jiki ta karantar da ita. Aurenta na farko ma a gidan Wazirin aka yi, da ɗansa Muhammadu Adde, har Allah ya yi masa rasuwa.

To, me ya kai ta Kano? A 1819 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Ibrahim Dabo, Basulluɓe, sarautar Kano bayan Sarki Sulaimanu. Ba kowa ya yi mubaya'a ba. Garuruwa da dama sun yi tawaye, Ɗan Tunku kuma ya daɗe yana ba shi wahala daga arewa. Kano kuwa ita ce kasuwar daula. Daga can rini da saƙa ke fita, daga can fatake ke kama hanyar Gwanja neman goro, hanyar da ta haifar da zanguna da yawa a wannan yanki namu. In Kano ta kuɓuce, Sakkwato ta yi babban rashi. Shi kuma Dabo yana bukatar abin da zai nuna wa sauran gidajen Fulanin Kano cewa gidan Shehu na bayansa. Ba a rasa hanyoyi ba, amma babu wadda ta kai ba shi 'yar Shehu ta cikinsa.

Ka ga kuma wata hikimar. A tsarin daular, Waziri ne ƙofar Kano a Sakkwato, ta hannunsa saƙo ke shiga yana fita. Maryam ta taso a gidan Waziri, ta yi aure a ciki, yanzu ga ta a Gidan Rumfa. Babu wanda ya san gidajen nan uku daga ciki kamarta.

Ba ta haihu da Dabo ba. Ga wanda ya san gidan sarauta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawanci darajar mace a can tana rataye ne da ɗan da zai gaji gado. Da Dabo ya rasu a 1846 ta koma gida, sai a zaci magana ta ƙare ke nan. Ina! 'Ya'yan Dabo uku da suka yi sarauta a jere, Usman, Abdullahi Maje Ƙarofi da Muhammadu Bello, matar ubansu ce, uwa suka ɗauke ta, kuma maganarta na da nauyi a harkar Kano. Abdullahi shi ma ya auri 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wadda ta haifi Alu, sarkin da Turawa suka tarar a 1903.

A gida kuwa karatu ta koma. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato dattawan mata, ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu cikin waƙa su kai wa matan da ba su iya fitowa. Da Nana ta rasu a 1864, Maryam ce ta riƙe wannan aiki, tana kuma rubuta waƙoƙinta.

Babban gwajin ya zo ne tana tsohuwa. A 1881 Muhammadu Ahmad ya ce shi ne Mahadi a Sudan. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya bi shi. Mutane suka fara barin gonaki da gidaje suna nufar gabas, suna kafa hujja da cewa Shehu da kansa ya faɗi za a yi wannan hijira. Wa zai warware? Sai wadda ta fito daga gidan. Maryam ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa da Larabci. Ta tabbatar mahaifinta ya yi maganar, har ta lissafa hanyar da ya ambata zuwa Kogin Nilu, amma ta bayyana cewa alamomin da ya faɗa, irin su fari da yawan fitina, ba su bayyana ba tukuna, don haka masu tashi yanzu sun yi kuskure. Shekara kusan 40 bayan rasuwar mijinta, igiyar auren nan tana aiki.

Ta rasu wajen 1890. Ba a jima ba, a 1893, rigimar gadon sarauta tsakanin jikokin Dabo ta zama yaƙin basasa a Kano.

Har yau a zangunanmu, daga nan Bè-Kpota har Agoè, ana haɗa aure don ƙulla zumunci tsakanin gidaje, wani lokaci ma a cire yarinya daga makaranta saboda shi. Iyaye su duba tarihin Uwar Daje: gidan da ya aurar da ita sai da ya karantar da ita tukuna, kuma karatun ne ya sa sarakuna suka ci gaba da sauraronta bayan miji ya kwanta dama. Allah ya jiƙan ta da rahama.